Tiren ƙyanƙyasa na gida: katako, kwandon roba ko alminiyam, wanne ne zai iya da danshin Legas?

Ranar Lahadin da ta wuce wani ƙanena da ke sayar da albasa a Mile 12 ya hawo danfo ya same ni a Agege, wai ya gama haɗa inkubeta wato injin ƙyanƙyasar ƙwai da tsohon firij, ya sa fanka ya sa kwan fitila ya sa tamostat mai daidaita zafi, har ya jera ƙwai kwana goma sha ɗaya kenan, shine yake tambayata "Yaya, wai dole sai na yi wani tire daban na ƙyanƙyasa? ba ga wanda ƙwan ke kai ba, su fito a nan mana." Na ce masa zauna tukuna ka sha ruwa, dan nima haka na ce a farko kuma ƴan tsaki ne suka biya kuɗin jahilcina. Abin da na faɗa masa shi zan rubuta a nan, dan na san da yawa cikin ƴan uwanmu da ke zaune a Kurmi suna wannan harkar a bayan ɗaki, wani a Idi-Araba wani a Ojo wani can Ikorodu, kuma kowa na fama da abu ɗaya.

Farko dai a gane cewa tire biyu ne kuma aikinsu ba ɗaya bane. Ƙwan kaza kwana 21 yake yi, kwana 18 na farko yana kan tiren juyi, kowanne a raminsa, ana karkata shi dama da hagu dan kada ɗan tsakon ya manne da ɓawo. Daga rana ta 18 an daina juyi, sai a kwantar da ƙwan a gefensa a wuri shimfiɗaɗɗe, a ƙara danshi, a rufe ƙofa a ƙyale su. Wannan shimfiɗaɗɗen wurin shine tiren ƙyanƙyasa. In ka bar su a tiren juyi, ɗan tsako zai fito ya zura ƙafa cikin rami ko tsakanin sanduna, in kuma injin juyin na aiki ya matse shi, wani ya faɗo ƙasa cikin kwanon ruwa ka wayi gari ka tarar da shi ya mutu a ruwan da bai kai tsayin ɗan yatsa ba. Na gani da idona, guda huɗu a dare ɗaya, shi yasa bana wasa da maganar.

Toh me ake nema a tire mai kyau? Ni dai a wurina iska ta ratsa shi ta ƙasa da gefe, ƙasansa ya zama yana riƙe ƙafa ba santsi, bangonsa ya yi tsayi kuma da murfi, sannan babban abu wanda mutane ke mantawa, ya wanku. Ƙyanƙyasa ƙazamin aiki ne wallahi, wanda bai taɓa buɗe inkubeta bayan an gama ba bazai gane ba, ɓawo, majina, ɗan jini, kashin farko mai kore-kore, ga wannan laushin gashin da ke tashi kamar audugar rimi yana liƙewa ko'ina, duk wannan a cikin zafi digiri 37.5 da danshi kashi 65 zuwa 70 cikin 100, ai babu gidan da ƙwayar cuta ke so kamar wannan. Kuma ɗan tsako sabuwar fita cibiyarsa bata gama rufewa ba, a kan tiren yake kwanciya da cikinsa, in tiren nada datti na zagayen ƙyanƙyasar baya ta nan ciwo ke shiga, kwana biyu uku kaga suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya ciki a kumbure kana ta zargin abinci ko mai sayar da ƙwai.

Bari in fara da katako da ragar waya dan shi kowa ke fara tunani, kuma shi na fara yi. Ka samu siririn katako ka haɗa firam mai kusurwa huɗu, ka shimfiɗa raga a ƙasa ka buga da ƙananan ƙusa ko sitafula, shikenan ka gama. Daɗinsa shine kai kake yanke girman da kake so daidai cikin firij ɗinka ko akwatinka, ba sai ka yi ta yawo kana neman abin da zai shiga ba, kuma duk kafintan unguwa zai haɗa maka cikin awa ɗaya da guntayen da suka rage masa, in kana son ka zaɓa da kanka kasuwar katako ta Amu a Mushin na nan. Katako baya ɗaukar zafi ya ƙona ƙafar tsako, baya narkewa in ya kusanci kwan fitila, kuma zaka iya raba cikinsa gida-gida cikin sauƙi. A Kano ko Sakkwato lokacin rani ni bazan hana mutum yin na katako ba, ka wanke ka jingina a rana kafin la'asar ya bushe ƙarau kamar ba a taɓa jiƙa shi ba.

Amma nan Legas ce. Nan garin da zaka ajiye takalmin fata a ƙarƙashin gado sati biyu a watan Yuni ka ɗauko shi ya yi funfuna fari fat. Tirena na farko na falaiwud ne, zagaye na biyu ya fara buɗewa falle-falle, na uku kusurwa ɗaya ta kumbura har sai da na sa ƙarfi kafin in zaro shi daga firij ƙwai na ciki suna karo da juna, gabana na faɗuwa. Sannan wata rana baragurbi ya fashe a ciki, wanda ya san warin nan ya sani, na wanke da omo na wanke da Hypo na shanya kwana uku, warin na nan a jikin katakon dan ya riga ya sha, kuma in wari na nan toh abin da ya kawo warin ma na nan. Na koma wurin kafintan, wani dattijo Bayarabe mutumin kirki da ke jin Hausa sama-sama, yace "Malam, mu shafa masa fenti ko maganin gara, ba zai ƙara sha ruwa ba." Na ce a'a Baba, wannan wurin a rufe yake da zafi, duk abin da ka shafa ƙwan ne zai shaƙa, dan ɓawon ƙwai nada ƙananan ƙofofi da ɗan tsakon ke numfashi ta cikinsu. Dan haka in dai ka nace sai katako, ka nemi busasshe mai ƙarfi wanda ba a shafa masa baƙin mai ko maganin gara ba, kada ka kusanci falaiwud ko wannan allon garin katakon da ake kabad da shi, shi kam ruwa na taɓa shi yake kumbura kamar burodi a shayi, kuma ka sa a ranka cewa abu ne na ɗan lokaci zaka sake wani.

Maganar raga kuwa ta shafi kowane irin tire dan haka bari in tsaya a kanta sosai, a nan ne mutane suka fi yin kuskure. In ka je wurin masu kayan gini kace a baka wayar kaji, wadda zasu miƙo maka ita ce mai ido kamar saƙar zuma, wadda ake zagaye keji da ita. Wannan bata yi ba sam, idonta yayi faɗi ƙafar tsako na zurmawa, ga laushi tana lotsawa a tsakiya ƙwai duk su gangaro su taru wuri guda. Wadda ake so ita ce mai ido murabba'i wadda aka yi wa walda a kowace mahaɗa, kuma ita ma kala biyu ce aka fi samu, mai rabin inci da mai kwatan inci wato wajen milimita 6. Mai kwatan inci ita ce daidai, tana riƙe ƙafa, iska na wucewa, ƙananan ɓawo na zubewa ƙasa. Mai rabin inci ta fi samuwa kuma ta fi ƙarfi amma sai ka shimfiɗa wani abu a kanta, musamman in ƙwan salwa ko na zabo zaka sa. Akwai kuma mai rufin roba kore, in ka same ta da ƙaramin ido ka ɗauka ko da ta ɗan fi tsada, dan waya zalla a iskar Legas mai gishiri-gishirin nan tsatsa take yi tun daga inda ka yanka ta, wanda ke zaune kusa da ruwa kamar Ajegunle ko Badagry ya fi kowa sanin wannan. Ragar sauro ta taga kuma ana yawan tambayata, ni dai bata burge ni ba, idonta yayi ƙanana gashi da kashi na toshe shi tun rabin ƙyanƙyasa iska ta daina wucewa, sai dai a murfi, a can tana da amfani. Kuma duk ragar da ka yanka ka lanƙwasa bakin ko ka ɓoye shi a ƙarƙashin firam, tsinin waya ɗaya ya isa ya farke cikin tsako.

Sai kwandon roba. Gaskiya da farko raina shi nayi, ina ganin kamar aikin ragwaye ne, ace mutum ya haɗa inji sannan ya ɗauko kwandon wanke-wanken matarsa ya cusa a ciki. Amma in ka leƙa yadda manyan gidajen ƙyanƙyasa ke yi, irin na Ibadan da ake kawo mana ƴan tsaki ƴan kwana ɗaya daga can, ai su ma kwandunan roba ne masu huji-huji ake jerawa ɗaya kan ɗaya, ba dan basu da kuɗin katako ba sai dan roba bata shan ruwa, bata tsatsa, ka jiƙa ta a ruwan Hypo ka goge da buroshi ka ɗauraye ta koma sabuwa. Kwando mai kusurwa huɗu irin wanda ake zuba kayan miya ko cokula, ko irin na masu burodi in injinka babba ne, suna nan birjik a Idumota da Oshodi da duk wata kasuwar unguwa. Ka tafi da tef ɗin awo, kada ka yarda da idonka, ni sau biyu ina dawowa da kwandon da ya fi ƙofar firij faɗi da ɗan yatsa ɗaya, yanzu suna kicin ana zuba tattasai.

Matsalar roba guda uku ce kuma duk suna da magani. Ƙasan kwando yawanci sumul yake ko kuma hujinsa manya ne, kuma santsi shine babban makiyin tsako a awannin farko, ƙafafunsa basu yi ƙwari ba yana ƙoƙarin tashi suna zamewa, sai kaga sun baje ɗaya gabas ɗaya yamma ya kasa tsayuwa, in ba a ɗaure masa su da wuri ba haka zai tashi gurgu. Maganinsa ka yanke ƙasan kwandon ka bar ɗan baki a zagaye, ka shimfiɗa ragar kwatan inci ka ɗaure da kebul tai wato siririyar robar ɗaure wayar lantarki, kan ɗaurin ya kalli ƙasa. In baka son yanka toh ka ƙara huji da ƙusa mai zafi sannan ka shimfiɗa wannan tabarmar robar mai huji-huji da mata ke sawa a cikin durowar kicin dan kada kwanuka su zame, wallahi kamar dan wannan aikin aka yi ta, tana riƙe ƙafa tana hana ƙwai gangarawa kuma tana wankuwa. Ta biyu zafi, roba mai araha in ta kusanci kwan fitila laushi take yi ta lanƙwashe har da wari, dan haka a bar tazara sosai ko a sa ɗan falle na ƙarfe tsakani, kuma a sayi mai kauri, araha bata ado. Ta uku ita ce girma, kai ne zaka bi kwandon ba shi zai bi ka ba, wani lokaci sai ka rasa wurin ƙwai goma saboda kwandon ya tsuke ta ƙasa. Wanda bai riga ya haɗa akwatin injinsa ba, shawarata ya fara sayen kwandon sannan ya gina akwatin a kan girmansa, wannan dabarar da na san ta tun farko da ta hutar da ni.

Tunda an zo maganar shimfiɗa, jarida a'a, santsi gare ta kuma tana toshe iska. Kwali na jiƙewa ya zama wurin cuta. Buhun shinkafa na leda santsi, ga zarensa na warwarewa ya naɗe yatsun tsako. Tawul kuma farcensu na maƙalewa a zaren. Wasu na sa tsohon yadi na auduga mai ɗan kaushi, yana yi in za a jefar bayan an gama, amma shima yana rage iskar da ke tasowa daga ƙasa, in fankarka ƙarama ce zaka ga bambanci.

Na uku shine firam ɗin alminiyam da raga. Wannan shi nake amfani da shi yanzu a babban injina kuma bazan ɓoye ba ina sonsa. Masu haɗa taga da ƙofar alminiyam na kowane layi a Legas, kuma kullum suna da guntaye, ka kai musu awo su yanka su haɗa da ƙusar rifit su ɗaure raga, kaga ka samu daɗin katako wato girman da kake so, ka kuma samu daɗin roba wato wankuwa, baya kumbura baya tsatsa baya nauyi, in kayi masa layin zamewa a bangon injin sai ka ja shi kamar durowa ƙwai ko motsi basa yi. Illarsa kuɗi, ya fi sauran biyun tsada nesa ba kusa ba, kuma sai ka tsaya a kan mai aikin dan shi taga ya saba yi, bai damu da kaifin kusurwa ta ciki ba, ni sai da na sa aka goge kowace kusurwa da fayil ina shafawa da hannuna. Sannan cikin bututun firam ɗin rami ne, ruwan wanki na shiga ya kwanta kyankyasai su samu gida, sai an toshe bakin ko a huda ƙasa ruwan ya riƙa fita. Wani abu kuma, ƙarfe na saurin ɗaukar zafi yana saurin saki, gefen da ke kusa da fitila zai fi ɗumi, in an ɗauke wuta kuma shi ke fara yin sanyi, dan haka kada ƙwai ya jingina da firam ɗin kai tsaye.

Na baƙin ƙarfe da mai walda ke haɗawa kuwa bazan ɓata lokaci a kansa ba. Ƙarfen na nan da araha a Owode Onirin, amma nauyi, tsatsa, in ka yi fenti wari, in baka yi ba zagaye biyu ya koma ja. A bar shi a yi keji da shi.

Akwai kuma na kanti da ake shigowa da su tare da kayan inkubeta, masu kyau ne babu laifi, sai dai an yi su ne daidai injinan kamfani, da wuya su zauna a firij ɗinka ba tare da gyara ba, kuma in ka duba da kyau kwandon roba ne dai da murfi aka ƙara masa suna da kuɗi.

Yanzu awo, dan duk wanda ka zaɓa awon ɗaya ne. Tsayin bango kada ya gaza santimita 10 wato inci 4, dan tsako in ya bushe tsalle yake, ɗan zabo kuwa ba a magana, shi tun yana awa biyu a duniya yake neman hanyar gudu kamar an biyo shi bashi. Murfin raga dole ne, ko da ɗaure shi zaka yi da kebul tai a gefe ɗaya ya zama kamar ƙofa, amma ka tabbata akwai sarari tsako ya miƙe tsaye kansa bai taɓa ba. Tsakanin tire da bangon injin a bar kamar santimita 2 zuwa 3 kowane gefe iska ta zagaya, kada ka cika wurin taf kana murna ka samu wurin ƙarin ƙwai, a kwanakin ƙarshen nan ne ƴan tsakin suka fi buƙatar iska dan sun fara numfashi da huhu kuma jikinsu ma na fitar da zafi. Tire mai santimita 40 da 30 in ka matsa zai ɗauki ƙwan kaza wajen 40, amma ni 30 zuwa 35 nake sawa, dan wanda ya fito yana buƙatar wurin kwanciya, kuma in sun cushe rabin ɓawon da aka fita daga ciki yakan kife a kan wani ƙwan da bai huda ba ya zame masa hula biyu ya kasa fasawa. Kwanon ruwa a ƙasan tire da ɗan tazara, shima a rufe shi da raga ko a sa soso a ciki, a ƙasa kuma wani faranti da zai tare ɓawo da datti. Kan wayar tamostat ɗin da ke jin zafi, ko W1209 ne ko STC-1000 da ake samu a Alaba, ka sauko da shi daidai tsayin ƙwan a sabon tiren, dan a firij sama ta fi ƙasa zafi, da yawa na barinsa can sama inda tiren juyi yake, allo na nuna 37.5 alhali ƙasa inda ƙwan suke bai kai ba, sai ƙyanƙyasa ta yi ta jan ƙafa har rana ta 23.

Raba gida shima abin dubawa ne in kana haɗa iri. Misali kana da ƙwan kajin gida da na irin kajin Noiler ko Shika Brown kana son sanin waye waye, a katako da alminiyam sai ka tsaga wuri ka zura allo, a kwando kuma guntun raga da kebul tai ya wadatar, ko kawai ka sa ƙananan kwanduna biyu maimakon babba ɗaya, wanda ma ya fi sauƙi. Amma haɗa tsuntsaye daban-daban a zagaye ɗaya sai da lissafi, salwa kwana 17 zuwa 18, kaza 21, zabo 26 zuwa 28, talotalo 28, agwagwar gida irin tamu kuwa har 35, kowanne kwana uku na ƙarshe ne ake sauke shi tire a ƙara danshi, toh in inji ɗaya ne danshin da ka ƙara wa kaza zai samu ƙwan zabon da saura sati guda, ga dattin ƙyanƙyasar ya bi ta kansu. Shi yasa masu yi da gaske ke ware ƙaramin akwati na ƙyanƙyasa kawai, ko kula ce ta ƙanƙara da fitila da fanka, a nan kwandon roba ya fi kowanne dacewa.

Wani abu da ya shafi garin nan, kada ka ɗauki lissafin ruwan ƴan Arewa ka yi aiki da shi. Ɗan uwanka a Katsina cikin hunturu yana cika kwano biyu uku kafin danshi ya hau, kai a Legas da damina iskar ɗakinka ma a jiƙe take, a kwana 18 na farko da ake son kashi 50 zuwa 55 wani lokaci ɗan ruwa kaɗan ya ishe ka, in ka cika ruwa ƙwan baya rage ruwan cikinsa yadda ya kamata, kumfar iskar da ke gefen mai faɗi bata girma, tsako ya cika ƙwai ya mutu bai fito ba kace tire ne. Ka haska da tocila a rana ta 18 lokacin saukewa, duk wanda ka ga fayau ko yana wari ka fitar, shine baragurbin da zai ɓata maka aiki. Ma'aunin danshi ba tsada gare shi ba, a saya. Sai ɗan lokacin da hunturu ke leƙowa a Disamba da Janairu, nan ne zaka ƙara ruwa.

Kuma dan Allah in ka rufe ka bar buɗewa. Na san abin da wuya, kana jin tsiyau-tsiyau yara na tsalle suna Baba buɗe mu gani, amma duk buɗewa danshi na fita, fatar cikin ƙwan da ya riga ya huda ta bushe ta naɗe tsakon. Daga hudawa zuwa fita yana iya kai awa 24, kuma wanda ya fito baya buƙatar ci ko sha nan take dan ya shanye gwaiduwa kafin ya fito, zai iya kwana a ciki lafiya lau har ya bushe. A nan ma murfin raga da bangon kwando mai huji sun fi bangon katako, dan ta gilashin ƙofa kana hango komai da tocila ba sai ka taɓa ba. Maganar NEPA kuwa babu tiren da zai cece ka, sai inbata ko sola ko ƙaramin janareto, in duk babu toh robobin ruwan ɗumi a ƙasan injin da bargo a sama kafin a kawo.

Shi ƙanen nawa ƙwai 28 gare shi kuma saura masa sati ɗaya, ga kasuwa bata barinsa zama, dan haka ban ma kawo masa maganar alminiyam da nisa ba, na ce ya bari sai ya yi zagaye uku huɗu ya tabbatar harkar ta zauna masa kuma injin da zai daɗe da shi kenan, lokacin kuɗin ba asara bane. Katako kuma na ce ya manta da shi tunda ɗakinsa na Ketu damina na shiga har bango. Muka auna cikin firij ɗin ta waya matarsa na riƙe da tef, muka taka kasuwar Agege muka samo kwando mai kauri da yadi ɗaya na raga mai kwatan inci da ƙullin kebul tai, kafin magariba mun yanke mun ɗaure har da murfi, ragowar ragar ya tafi da ita zai rufe kwanon ruwa. Na ce kafin ranar Lahadi mai zuwa ya wanke shi da Hypo ya ɗauraye sosai ya shanya, ya sa shi cikin injin tun daren Asabar ya ɗauki ɗumi kafin ya sauke ƙwan a kai.